Na je gidan giyar inabi neman dawakan daji, na dawo da ƙura a kunne

Kafin wani ya fara min wa'azi bari in faɗa tun yanzu, ba na shan giya, ban sha ba a wannan tafiyar, kuma ba talla nake mata ba. Yayata ma da na tura mata hoto cewa tayi "kai kuma ɗan nan me ya kai ka gidan giya, ko zaman Amurkan ne ya fara taɓa ka?" Nace Yaya wlh doki naje gani. Tace doki a gidan giya? Toh, ashe ta fi ni gaskiya, amma bari in ɗauko zancen daga farko.

Wurin aikinmu a Seattle ne aka shirya fita a ƙarshen Satumba, mu bakwai a mota ɗaya, kuma a nan duk inda za a je shaye-shaye dole a samu mutum ɗaya da ba zai kai komai bakinsa ba saboda tuƙi, dan in ɗan sanda ya auna ka ya samu barasa ta kai 0.08 a jininka ka shiga uku. Ni ne direban da ba sai an roƙa ba. Da farko na ƙi, nace ku nemi wani, sai aka turo hoton wurin a guruf, garken dawaki suna sukuwa a kan tudu, geza na tashi, rana na faɗuwa a bayansu, an rubuta wai dawakan daji da yanayin ƙasar yankin ne suka sa aka kafa wurin. Ni kuwa in dai doki ne ba ni da hankali. Nan take nace a sa sunana.

Ba zan kama sunan wurin ba tunda akwai 'yan ƙorafe-ƙorafe da zan yi kuma mutanen ba su yi min rashin mutunci ba. Ƙaramin wuri ne na iyali a yankin da ake kira Horse Heaven Hills, kudu da garin Prosser a jihar Washington, jihar fa nake nufi ba babban birnin ƙasar ba, tsakaninsu sai ka yi awa biyar a jirgi. Sunan ma'anarsa tuddan aljannar dawaki, ana cewa wani James Kinney ne ya laƙaba shi a ƙarni na 19 da ya ga yadda ciyawa ta cika wurin dawaki na ta kiwo ba mai kora. Kuma ba su kaɗai suke cin abinci da sunan doki a can ba, akwai wani babban kamfanin giya mai suna 14 Hands da aka fara a 2005, sunansa daga tsayin dawakan ya samo asali, dan Turawa da faɗin tafin hannu suke auna doki, hannu ɗaya inci 4, wato hannu 14 zai kama santimita 142 daga kofato zuwa kafaɗa. Gajeren doki ne, irin wanda in dogon mutum ya hau sai ka ga likkafa na neman taɓa ƙasa. Amma ba can muka je ba.

Hanyar kanta ta biya ni rabin kuɗin mai. Awa uku da wani abu ce, ka bi I-90 ka haura duwatsun Cascade ta Snoqualmie, ko'ina kore shar, itatuwa dogaye, hazo, ana yayyafi, sannan kana gangarowa wajen Ellensburg kamar an ja labule, komai ya koma ruwan ƙasa, ba bishiya sai busasshiyar ciyawa da wani tsiro mai launin toka da suke kira sagebrush wanda in ka murza ganyensa a hannu ƙamshin zai bi ka har dare. Duwatsun ne suke tare hadarin da ke tasowa daga teku, su tatse ruwan a gefen yamma, shi yasa Seattle ke samun kusan mita ɗaya na ruwan sama a shekara, can kuma inda muka je wajen santimita 20 kacal. Daga nan ka kama I-82 ka ratsa Yakima, gonakin tuffa hagu da dama, har Prosser, sai ka kama hawa.

Da muka hau saman tudun na rage gudu na fara baza ido. Alkama an girbe, kara kawai ya rage har iyakar gani. Waya ta shinge. Can gaba layukan inabi kore a tsakiyar busasshiyar ƙasa kamar an shimfiɗa darduma. Ko jaki ban gani ba. Nace a raina ƙila suna bayan gini.

Ginin kam sun iya. An yi shi kamar tsohon muri, katako da ƙarfe, ƙofa irin mai turawa gefe, an rataye tsofaffin sirada da ragama da linzami a bango, mariƙin ƙofar banɗaki ma takalmin kofato ne. Na tsaya na duba sirdin ɗaya da kyau, na gaske ne, fatar ta sha zufa ta yi baƙi a inda cinya ke gogawa, ba irin na ado da ake saya a kanti a rataye ba. Ta bayan ginin akwai baranda da ke kallon kudu, daga nan kana hango kogin Columbia kamar zaren azurfa, tsallakensa kuma jihar Oregon ce. A nan na yi mafi yawan zamana dan ban so zama a teburin da ake zuba abin ba, kuma ba wanda ya tsangwame ni a kan haka, wannan na yaba musu.

Sai dai iska. Jama'a iskar wurin ba ta da mutunci. Ba guguwa bace, kawai busawa take ba ta hutawa, ta biyo kwarin kogin ta hauro tudu ta cika maka kunne da baki da wata lallausar ƙura kamar gari. Da azahar ta yi na tambayi matar da ke kanta ko akwai inda zan yi sallah, ba ta ko yi mamaki ba ta nuna min wani fili mai ciyawa a gefe, na shimfiɗa sallayata ta tafiya, kafin in tayar da kabbara ta tashi sama ta maƙale a wayar da ke riƙe da inabi, sai da na samo duwatsu huɗu na danne kusurwoyin. Duwatsun ma baƙaƙe ne masu ramuka-ramuka, na aman wuta, dan duk ƙarƙashin yankin irinsu ne.

Abin da ya fi komai daɗi a ranar shi ne zagayen gona, kuma shi ne dalilin da zan iya cewa wanda ba ya sha ma ba zai yi asarar zuwa ba. Wani dattijo ne ya zaga da mu, shi ne mai gonar, hannunsa duk ya yi shuɗi-shuɗi saboda lokacin girbi ne. Ashe iskar nan da nake zagi ita ce jarinsu. Tana busar da ganye, fumfuna ba ta samun wurin zama, tana kuma sa 'ya'yan su fito ƙanana da kauri a ɓawo, a ɓawon kuwa launi da ɗaci-ɗacin da suke nema yake. Ruwa kuma da yake sama ba ta bayarwa, tiyo ne siriri a bin kowane layi yana ɗiga ɗigo-ɗigo, mai gona shi ke yanke shawarar yaushe itacen zai sha yaushe zai ji ƙishi, kuma da gangan suke horar da shi da ƙishirwa dan in ya ƙoshi da ruwa ganye kawai zai yi ta zubawa 'ya'yan su yi lami. Ya duƙa ya ɗebo ƙasar ya zuba min a tafi, laushi kamar toka. Wai ambaliya ce ta kawo asalinta, wajen shekara 15,000 da suka wuce a ƙarshen zamanin ƙanƙara, wani katafaren tafki a Montana da ƙanƙara ta datse, duk sanda datsen ya fashe sai ruwan ya kwararo ya share gabashin Washington, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ya bar laka da yashi, daga baya iska ta yi ta kwasa tana jibgewa a kan tuddan.

Sannan ya tsinko min nonon inabi ɗaya, Cabernet Sauvignon, wanda shi ne sarkin yankin. Duk wanda ya saba da inabin kanti mai girma mara ƙwallo zai raina shi, 'ya'yan ba su fi girman wake manya ba, baƙaƙe da wani farin hazo a jiki, kowanne da ƙwallaye a ciki. Na jefa uku a baki. Wlh zaƙin har kaina na ji shi, kamar zuma, sannan da na tauna ɓawon sai bakina ya ɗaure kamar na ci ɗanyen abu. Ya matsa ruwan ɗaya a kan wani ɗan gilashi mai kama da guntun madubin hangen nesa yace in leƙa ta rana, akwai layi da lambobi a ciki, ya tsaya wajen 25, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan sukari ne zalla. Wannan sukarin ne yis zai cinye ya mayar barasa da iska, shi yasa jar giyarsu ke kaiwa kashi 14 cikin ɗari ko sama. Ni dai na tsaya a matakin da Allah ya halatta, na cinye nonon tas har na roƙi na biyu.

Inabin giya ba tsoho bane sosai a tuddan nan. A 1972 iyalin Mercer suka fara dasa shi a can, kuma akwai wani masanin noma Walter Clore da ya fara aiki a tashar bincike ta Prosser tun 1937, shi ya yi shekaru yana gwada iri-iri yana lallashin manoma cewa ƙasar za ta karɓa, har yau suna kiransa uban giyar Washington. A 2005 gwamnati ta amince da Horse Heaven Hills a matsayin yanki mai suna na kansa, kuma doka ce in ka rubuta sunan yanki a kwalba to aƙalla kashi 85 na inabin daga nan ya fito, in ka rubuta sunan iri kuma kashi 75. Yanzu jihar na da gidajen giya sama da 1,000.

Ɗakin ganguna ban daɗe ba. Sanyi, duhu, ganguna na itacen oak a jere har rufi, kowace lita 225, kwalba 300 kenan, sabuwa 'yar Faransa wai ta haura dala 1,000 ita kaɗai ba komai a ciki. Warin ne ya koro ni, wani tsami-tsami mai hawa kai, na fito na bar su.

To yanzu ƙorafi na farko, kuma shi ya fi ɓata min rai. Na je kanta nace tunda ni direba ne me kuke da shi mara barasa? Ruwa, da lemon gwangwani irin wanda za ka samu a kowane gidan mai. Shikenan. Nace ruwan inabi fa? Babu. A gonar inabi, a lokacin girbi, injin matsa na ta aiki a bayan bango ina jin ƙararsa. Abin haushin ma shi ne kwarin Yakima da muka ratso yana cikin manyan wuraren noman inabin Concord a duk Amurka, wanda ake yin ruwan inabi na sha da shi, har kamfanin Welch's na da masana'anta a Grandview, ɗan taƙi kaɗan daga Prosser, shi kuwa Thomas Welch tun 1869 ya fara dafa ruwan inabi dan kada ya zama giya. Duk motar da ta zo wurin nan da mutum ɗaya aƙalla da ba zai sha ba, ga masu ciki, ga waɗanda ba su kai shekara 21 ba, ga irina, amma ba wanda ya yi tunanin ajiye jarka ɗaya a firij. Matar ta ce akwai wata da aka cire wa barasa za ta iya nemo min, nace a'a na gode, dan irin wannan giya ce aka yi ta tukuna sannan aka tace, kuma tana iya rage har rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Daga baya dattijon da ya ji, da kansa ya je ya taro min kofi ɗaya daga bakin injin, na farin inabi, ɗanye, gauraye, bai ko kwanta ba, ko awa ɗaya bai yi da matsewa ba. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba. Nace Baba wannan fa shi ya kamata ku riƙa sayarwa, ya yi dariya kawai yace ba ya kwana biyu zai fara juyawa. Nace ai akwai tukunya akwai wuta.

Na biyu abinci. Ba girki suke ba, faranti ne na cuku da burodi da zaitun da yankakken nama, naman kuwa kusan duk na alade ne. Na faɗa musu tun farko a yi min nawa daban ba nama, aka ce to, sai ga shi an kawo an jera naman a gefe yana jingine da cukun. Da na yi magana an canza ba musu, an ba da haƙuri, amma sai da na jira kusan rabin awa kuma kuɗin bai ragu ba duk da rabin farantin ya tafi. In za ka je ka ci abincinka a Prosser ko Yakima tukuna, ko ka riƙo naka.

Maganar ɗanɗanon giyar ba ni da ta cewa, sai abin da na ji daga bakin masu sha. Ana biyan kuɗin ɗanɗano, a zuba maka 'yar kaɗan kala biyar, in ka sayi kwalba a yafe maka kuɗin. Ogarmu, wata dattijuwa da ta san harkar, tace jar ta yi kyau sosai kuma ba ta yi tsada ba in aka kwatanta da ta Kaliforniya, farar kuma ba yabo ba fallasa. Ni abin da ya ba ni dariya takardar bayanin ce, wai ɗaya tana da ƙamshin baƙin ceri da ganyen taba da fatar sirdi. Fatar sirdi! Na san warin sirdin da aka sauke daga bayan doki da rana tsaka, in da gaske haka abin yake to Allah ya ƙara tsare mu. Kowace kwalba kuma da nata dokin, wannan akawal, wannan kili, wata goɗiya da dukushinta, zanen ya yi kyau ba ƙarya.

Daga ƙarshe dai na kasa haƙuri na tambayi dattijon, Baba ina dawakan? Ya kalli tudun ya ɗan yi shiru yace ai sun daɗe da tafiya, tun zamanin kakansa, da aka zo da garma da wayar shinge aka fara alkama sai aka yi ta kora ana kamawa ana sayarwa. Hoton da aka turo mana ma ba a nan aka ɗauka ba.

Ban ce sun yi ƙarya ba, a rubutun nasu ba su ce za ka ga doki ba, ni ne na ga hoto na ƙarasa sauran da kaina. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. A bangon ɗakin akwai dogon labari da aka rubuta da kyau, dawaki masu 'yanci, ba linzami ba ubangida, ruhin ƙasar, kaza da kaza, na karanta shi sau biyu ban ga an ambaci mutum ko ɗaya ba. Alhali dawakan nan ba daga sama suka faɗo ba. Doki ya ƙare ƙaf a nahiyar wajen shekara 10,000 da suka wuce, Sifaniyawa ne suka dawo da shi a ƙarni na 16, kalmar mustang ma da ake kiran dokin daji da ita daga bakinsu ta fito, daga hannu zuwa hannu ya iso wannan yankin a farkon ƙarni na 18, kuma ƙabilun wurin, su Yakama da Cayuse da maƙwabtansu, su suka yi kiwonsa suka tara garke-garke har Turawa suka riƙa kiran ƙaramin dokin yankin da sunan cayuse. Tuddan nan makiyayarsu ce kafin yarjejeniyar 1855 tsakaninsu da gwamnatin Amurka da ta karɓe mafi yawan ƙasar. Wato dokin da ke kan kwalba yana da mai shi, an ɗauki dokin an bar mai dokin a waje. Layi biyu a bangon nan da sun isa.

Kuma dawakan suna nan da ransu, ba nisa, yamma kaɗan a ƙasar da aka keɓe wa Yakama, dubbai, har sun yi yawan da su kansu mutanen ke kukan sun cinye ciyawa sun ɓata bakin rafuka. Haka abin yake a sauran yammacin Amurka, tun da aka yi dokar 1971 da ta hana kashe su a filayen gwamnati suke ta ƙaruwa, a 2024 hukumar da ke kula da su ta ƙiyasta sama da 70,000 har da jakuna, a filin da tace kusan 27,000 zai iya ɗauka, ga wasu dubbai da aka kama ana ciyarwa a killace. Wannan rigimar ba ta yin kyau a jikin kwalba, na gane.

In maki zan bayar, ga mai shan ruwa irina uku cikin biyar, kuma biyu daga ciki na dattijon ne da kofinsa. Ka je a Satumba ko farkon Oktoba lokacin da akwai inabi a jikin itace, in ba haka ba baranda da iska kawai za ka samu. Ka riƙo rigar sanyi ko da ana rana dan da yamma ta yi sanyin ke saukowa lokaci ɗaya, kuma ka cika tanki a gari, saman tudun ba gidan mai.

A dawowa duk sun yi barci a baya sai ogarmu da ke gaba, ta ga raina bai so ba tace in bi ta wani ɗan gari Vantage za ta nuna min wani abu. Sai da muka yi zagaye mai ɗan tsawo. A kan wani tsauni da ke kallon kogin, daf da gadar I-90, sai ga su, dawaki 15 a guje a jere, na gaba ya ɗaga ƙafa kamar zai faɗa ramin. Na ƙarfe ne, wani David Govedare ya ƙera aka kafa su wajen 1990, sun yi tsatsa sun koma ja, matasa sun bi jikinsu da rubutun fenti. Na bar motar a kunne saboda masu barci na haura da ƙafa, hawan da tsayi, tsakuwa na zamewa, na isa ina haki na dafa wuyan ɗaya, ƙarfen da sauran ɗumin rana. Tsallaken kogin can saman tudu manyan farfelolin wutar iska na ta juyawa, ita ma tashar Wild Horse ake ce mata. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya nace ga dokin. Ta turo murya tana dariya tace wannan ai ko dusa ba zai ci maka ba, ka sauko ka kai bayin Allah gida kafin magariba.